Kowace ƙwaya ta haska da antibodin CD4: in ƙara ne ko in canja kwalba?

"Oga, na ware fararen ƙwayoyin jini, na rina su da antibodin CD4 (furotin da ke neman CD4, wata alama a fatar wasu ƙwayoyin, ya liƙe mata) mai rini mai haske da ake kira PE, na sa a na'urar fulo-saitomita mai auna hasken ƙwayoyi ɗaya-ɗaya. Sai ga kusan kowace ƙwaya ta haska, masu CD4 da marasa shi sun cakuɗe, ba a gane iyakarsu. In ƙara antibodi ne, ko kwalbar ce ta lalace?"

Kada ka ƙara, ƙanena. Kwalbar da ta mutu ba ta ba da haske, duhu take bayarwa. Taka tana aiki, sai dai tana liƙewa inda ba a aike ta ba, kuma in ka ƙara, marasa CD4 ɗin ne za su ƙara haske, masu shi kuwa sun riga sun ƙoshi.

Fara da matattun ƙwayoyi, don su ne suka fi ɓata wa mutane aiki. Ƙwayar da ta mutu fatarta ta huje, tana shan kowane irin antibodi kamar soso. Ka sa rinin gane matattu, 7-AAD ko PI, 'yan mintuna kafin karatu, ka fitar da duk wadda ta sha shi daga lissafi. In kuwa za ka daskarar da ƙwayoyin da faraformaldihaid, wato ka ƙafe su yadda suke da sinadari ba da sanyi ba, waɗannan biyun ba za su yi ba, sai rinin gane matattu mai jure daskarwa, shi kuma a cikin ruwan gishirin PBS tsura ake sa shi, kafin antibodi. Furotin yake kamawa, don haka in akwai BSA, furotin na jinin saniya, a ruwan, BSA ɗin zai shanye shi ya bar ƙwayoyinka.

Sai maganar monosait, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini. Suna ɗauke da mazaunin Fc, wanda ke cafke antibodi ta wutsiya, ba ruwansa da abin da kan antibodin ke nema. Ka toshe shi tukuna: maganin toshe Fc na ɗan Adam ko ruwan jinin mutum, minti 10, sannan ka zuba antibodinka a kai ba tare da ka wanke ba. Na ɓera daban ne, antibodin CD16/32 ake sawa, wanda aka fi sani da 2.4G2. Amma ka sani, ko ka toshe, monosait ɗin mutum suna da CD4 na gaskiya, ɗan kaɗan, shi ya sa suke tsayawa a tsakiya suna cike gibin da kake son gani. Ka haɗa da antibodin CD3, alamar ƙwayoyin T wadda monosait ba su da ita, a wani launin, ka zagaye masu CD3 kawai, sannan ka duba CD4 a cikinsu. Nan da nan za ka ga gida biyu sun rabu.

Ga yadda za ka sake. Ƙwaya miliyan 1 a cikin maikirolita 100 na PBS mai BSA kashi 0.5 cikin ɗari, EDTA milimola 2 don kada su dunƙule, da sodiyam azaid kashi 0.05 zuwa 0.1. Rini minti 20 zuwa 30 a kan ƙanƙara, cikin duhu. Wanki sau biyu da mililita 2, kowanne ka juya a na'urar santirifuj a ƙarfin 300 zuwa 400 g na minti 5, ka tsiyaye ruwan ba tare da ka taɓa abin da ya kwanta ba. Sanyin nan da azaid ba ado ba ne. Ƙwaya mai rai, in ta ji ɗumi, takan janye furotin ɗin da antibodi ya kama ta shige da shi ciki, ko ta tattara shi gefe guda. A zafin bazara ƙanƙara ba ta jimawa, don haka ka duba bokitinka a tsakiyar aiki.

Adadin da kamfani ya rubuta a jikin kwalba, sau da yawa maikirolita 5 ga kowane gwaji, mafari ne kawai. Ka auna naka: bututu shida, ƙwayoyi daidai, ruwa daidai, na farko 5, na biyu 2.5, haka kana rabawa biyu har ƙarshe. Kada ka zaɓi wanda ya fi haske. Ka cire hasken marasa CD4 daga na masu shi, ka raba da ninki biyu na bazuwar marasa shi, inda lambar ta fi girma nan ne ma'auninka. Galibi yana ƙasa da abin da aka rubuta, kwalbar ma sai ta fi daɗe maka.

Wajen ja layi tsakanin masu CD4 da marasa shi, ni na fi yarda da bututun da aka sa duk launuka sai guda ɗaya, wato FMO, fiye da na aisotaif, antibodi mai launi iri ɗaya da ba ya neman komai a ƙwayar, wanda iyakarsa ya nuna maka ko ana liƙewa. In akwai koren rinin FITC a cikin haɗin, haskensa yana malala zuwa layin PE, sai ka yi bututun launi ɗaya-ɗaya ka gyara. Ka kuma fitar da ƙwayoyin da suka manne biyu-biyu ta hanyar kwatanta FSC-A da FSC-H, ma'aunai biyu na girman ƙwaya da na'urar ke bayarwa.

Wata rana akasin haka zai same ka, jinin wani ya nuna kamar babu CD4 sam. Kafin ka rubuta sakamako, dubi sunan nau'in antibodin CD4 ɗin da ke jikin kwalbar. In OKT4 ne, akwai mutane, musamman 'yan asalin Afirka, da CD4 ɗinsu ke da canjin amino asid guda ɗaya a daidai gurbin da yake kamawa. CD4 yana nan, yana aiki, OKT4 ne ba ya ganinsa. Ga jinin mutanenmu, SK3 ko RPA-T4 ya fi aminci. Haka in ka tayar da ƙwayoyin da sinadarin PMA, CD4 yakan ragu a fatarsu ƙwarai.

Kwalbar PE kuma a firji take zama, digiri 2 zuwa 8, nesa da haske. Kada a jefa ta firiza don an ɗauke wuta, daskarewa tana kashe launin.