Amsa ga Gwaggo kan asfirin da ciwon hanjin Kawu

Salamu alaikum. Gwaggo, ina wuni, ya jikin Kawu? Allah ya ƙara sauƙi. Na ji saƙonki, kin ce an turo miki cewa asfirin na hana kansar hanji, ko Kawu ya fara sha tunda shekara tara ke nan yana fama da kumburin babban hanji. Don girman Allah kar ya fara tukuna.

Maganar tana da tushe, ba ƙarya ba ce. Akwai wani sinadari a jikinmu, enzayim, ana ce masa COX-2. In wuri ya ji ciwo, shi ke tashi ya ƙera abin da ke kawo kumburi da zogi. Amfani ne, don da haka rauni ke warkewa. Matsalar ita ce hanjin da ya shekara da shekaru yana kumbura. Nan COX-2 ba ya kwanciya, kamar murhun da ba a kashewa. Abin da yake ƙerawa sai ya riƙa ingiza ƙwayoyin bangon hanji su yi ta hayayyafa, waɗanda suka lalace su ƙi mutuwa, har jijiyoyin jini su tsiro suna ciyar da su. Shi ya sa ake samun sa da yawa a mafi yawan kansar babban hanji.

To asfirin yana toshe shi. Wani masanin magunguna, John Vane, shi ne ya gano yadda asfirin yake aiki a Ingila a 1971. An ma gwada shi ga masu gadon wannan kansa a jini, aka ga ta ragu, amma ƙarƙashin kulawar likita ne.

Kawu kuwa hanjinsa a gyambance yake. Asfirin, ibuprofen, diclofenac ɗin da ake saya a kyamis, suna iya tayar masa da ciwon, su ƙara zubar jini. Ko Vioxx, wani maganin zogi da aka ƙera don toshe COX-2 kaɗai, janye shi aka yi daga kasuwa a 2004 saboda bugun zuciya.

Abin da ya fi damuna, Gwaggo, shekarun nan. Mai irin ciwonsa in ya kai shekara 8 yana fama da shi, ana fara leƙa hanjin da kyamara lokaci-lokaci don neman alamar kansa. Kuma a daina cewa jinin nan basir ne ana jiƙa masa saiwa, wallahi yana ta da min hankali. Ki turo min hoton katinsa da magungunan da yake sha, gobe da safe zan kira ki mu shirya ranar komawa asibiti.