Kafin ki biya kuɗin talla, ki fara gyara fayilolinki

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kina sayar da takalma da jakunkuna, kin samu laftof amma hannunki bai faɗa da ita ba tukuna: hotunan kaya suna ɓace miki, takardar farashin da kika tura wa wata ta isa a hargitse, sannan kina son sanin ta inda ake fara talla ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Na daɗe ina taya masu ƙananan sana'o'i aikin kwamfuta, kuma a wurina matsalolin nan naki tushensu ɗaya. Yawancin cinikin da na ga ya suɓuce, an riga an ga tallar, har an yi tambaya: "Akwai irin wannan a baƙi, lamba 40?" Mai kaya ta shiga laluben hoto, kafin ta samo, mai tambaya ta saya a wani wuri. Shi ya sa zan fara da fayil, kuma ina ɗauka Windows ce a kan laftof ɗin naki.

Ki buɗe inda hotunanki suke ki dubi sunayensu. Na tabbata za ki tarar da irin su IMG-20240312-WA0047. WhatsApp ce ta raɗa wa hoton wannan suna, ba abin da yake gaya miki sai ranar da ya shigo. Na taɓa zama da kwamfutar wata mai ɗinki, fuskar cike taf da fayiloli, a cikinsu akwai "farashi", da "farashi sabo", da "farashi sabo na ƙarshe", da "farashi na ƙarshe 2". Ita kanta ba ta san wanne ne na yanzu ba. Ta tura wa kwastoma tsohon, ala tilas ta yi aikin a tsohon kuɗi don kada a ce ta yi magana biyu. Ranar ta yi hasara ne a kan sunan fayil kawai.

Maganin ba wuya. Ki danna maɓallin Windows tare da E, wurin fayiloli zai buɗe. Ki shiga Documents, ki danna Ctrl da Shift da N, sabuwar folda za ta fito, ki sa mata sunan sana'arki. A cikinta ki yi wasu ƙanana: hotunan kaya, farashi, rasit, talla, takardu. Kada ki wuce haka a farko, folda in ta yi yawa ita ma wurin ɓata ce. Duk abin da kika sauke daga intanet ko imel yana faɗawa Downloads, to kada ki bar shi ya kwana can, ki kwashe shi zuwa gidansa tun a ranar.

Sauya suna kuwa, ki taɓa fayil ɗin sau ɗaya ki danna F2. Ni na fi son a fara da shekara, sai wata, sai rana, sannan bayanin abin: 2025-03-14 jaka baƙa fata. In kika bi wannan tsari, kwamfuta za ta jera miki su daga tsoho zuwa sabo da kanta, kuma ba za ki ƙara tambayar wace takardar farashi ce ta ƙarshe ba. Ki raba kwanan watan da ɗan gajeren layi (-), don Windows ba ta karɓar alamomi irin su / da : da ? a cikin suna. In hotunan kaya ɗaya sun kai goma, ki zaɓe su duka, ki danna F2, ki rubuta suna sau ɗaya, ita za ta bi su da lamba. Daga nan, in kwastoma ta tambaya, sai ki rubuta "jaka fata" a akwatin nema da ke sama ta dama, nan take su fito.

Maɓallai kaɗan ne za ki riƙe. Ctrl da C kwafi ne, asalin yana nan inda yake. Ctrl da X ɗaukewa ne gaba ɗaya. Ctrl da V shi ke ajiye abin a sabon wuri. Ctrl da S ki mayar da shi ɗabi'a, kina rubutu kina dannawa, don wuta ko batir ba sa sallama. Wanda kuma na fi so sababbin hannu su sani shi ne Ctrl da Z, yana mayar da abin da kika yi na ƙarshe, ko gogewa ce ko sauya suna. Abin da kika goge yana zuwa kwandon shara na kwamfuta, kina iya buɗewa ki dawo da shi. Amma a kula da abu biyu: in kika haɗa Shift da Delete ba ya biyawa ta kwandon, haka ma abin da kika goge daga cikin filash yawanci ba ya zuwa can.

Yanzu takardar farashin da ta hargitse. Kin tura ta ne a matsayin fayil na Word. Irin wannan fayil kowace waya da yadda take buɗe shi, in babu salon rubutun da kika yi amfani da shi sai ta sauya da wani, layuka su zame, hoto ya hau kan rubutu. Bayan haka duk wanda ya karɓa yana iya sauya lamba cikin sauƙi, har lambar asusunki ta banki. Don haka duk abin da zai fita hannunki, farashi ne ko rasit, ki mayar da shi PDF. A cikin Word ki danna F12, a wurin zaɓar nau'in fayil ki zaɓi PDF, ki ajiye. Yadda kika gan shi haka zai buɗe a kowace waya. Na Word ɗin ki riƙe shi a wurinki, shi za ki riƙa gyarawa in farashi ya motsa, ki sake fitar da sabon PDF da sabon kwanan wata. Ki kuma rubuta kwanan watan a jikin takardar kanta, saboda mai zuwa miki da ta watanni shida da suka wuce.

Hotunan kaya JPG ya ishe su. Tambarin sana'arki kuwa ki nemi wanda ya zana miki ya ba ki shi a PNG marar bango, don ya hau kan kowane hoto ba tare da farin akwati a bayansa ba. WhatsApp tana matse hoto ta rage masa kyau, saboda haka in za ki tura wa mai buga takarda ko mai yin allon shago, ki tura shi ta hanyar da ake tura takardu, zai isa yadda yake. Gmail ba ta ɗaukar abin da ya wuce MB 25 a saƙo ɗaya, in ya fi haka sai ta sa shi a Google Drive ta tura mahaɗi.

Ina roƙonki kada ki bar komai a wuri ɗaya. Laftof tana lalacewa, ana sace ta, ruwa yana zuba a kanta. Duk mai asusun Google yana da wurin ajiya na GB 15 kyauta a intanet, wanda Gmail da Drive da Google Photos suke rabawa, OneDrive ta Microsoft kuma tana ba da GB 5. Ki ware rana ɗaya a mako ki kwafe foldar sana'ar nan zuwa Drive da kuma filash. Filash ɗin ya zama na ajiya kawai, kada ya riƙa yawo a kwamfutocin mutane, don ta nan cutar kwamfuta da ke ɓoye folda take shigowa. In wani ya turo miki abu ya ce rasit ne ko hoton oda, kika ga sunan ya ƙare da .exe, kada ki buɗe. Kuma in Windows 10 ce a kan laftof ɗin, ki sani Microsoft ta daina ba ta kulawar yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, ki sa wanda ya sani ya duba ko za ta ɗauki Windows 11.

To, talla. Hausawa sun ce da rashin tayi akan bar arha, kuma tayin farko a yau hoto ne. Ki ɗauka da hasken rana, kusa da taga ko a inuwa, a kan farin kyalle ko bango marar tarkace. Ki goge gilashin kyamarar kafin ki ɗauka. Jaka ki nuna gabanta, da cikinta a buɗe, da zif, da kuma yadda take a kafaɗa don a gane girmanta. Kada ki sa abin da zai sauya launi, kuma kada ki ɗauko hoton wasu a intanet ki ce naki ne. Wadda ta ga ja mai haske aka kawo mata mai duhu ba za ta dawo ba, kuma sai ta gaya wa ƙawayenta.

Ki koma WhatsApp Business, kyauta ce, tun 2018 aka fito da ita don masu irin sana'arki. Za ki rubuta sunan sana'a, da lokutan aiki, da inda kike, sannan ki jera kayanki a katalog, kowanne da hoto da bayani da farashi. A nan ne za ki ga amfanin foldar da kika gyara, don aikin da zai ci miki mako sai ki gama shi a zama ɗaya. Akwai wurin ajiye amsoshin da kike yawan maimaitawa, kamar yadda ake biya da yadda ake aikawa, kina danna / su fito. Akwai kuma alamomin da za ki liƙa wa hira, wannan ta biya, wannan tana jira, wannan an aika mata.

Ki riƙa rubuta farashi a fili. Na san masu cewa a ɓoye don mai so ya biyo ta saƙo, ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Mutane da yawa suna jin nauyin tambaya, suna tsoron a faɗa musu abin da ya fi ƙarfinsu su ji kunya, sai su wuce shiru. Wadda ta ga kuɗin ta yi magana, da niyyar saye ta zo.

Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace. Hoto uku zuwa biyar masu kyau kullum sun fi arba'in a rana ɗaya sannan a yi mako ba a ji ɗuriyarki ba, don in ɗigon nan na sama suka yi yawa mutane tsallakewa suke yi. Saƙon bai-ɗaya, wato saƙo ɗaya da za ki tura wa mutane da yawa lokaci guda, yana ɗaukar mutum 256 a jeri guda, amma sai wanda ya ajiye lambarki ne zai same shi, sitatus kuwa sai kun ajiye lambar juna. Saboda haka duk wadda ta saya, ki roƙe ta ta ajiye lambar. Kada kuma ki tara lambobin mutane ki zuba su a rukuni ba da izininsu ba. Abin yana ɓata rai, kuma in suka yi ta kai ƙara ana iya rufe miki layin da kika sha wahalar ginawa.

A Facebook ki buɗe shafin sana'a daban da na kanki, don na mutum iyakarsa abokai 5,000, kuma ba ya nuna miki mutum nawa suka ga abin da kika sa kamar yadda shafin sana'a yake yi. Ki sa mahaɗin WhatsApp ɗinki a can: wa.me/ sai lambarki da lambar ƙasa, ba alamar + ba sifilin farko. In kina da shago, ki yi masa rajista a Google Business Profile, kyauta ne, bayan sun tantance zai fito a taswira ga masu nema a kusa da ke. Yabon kwastoma ma talla ce mai ƙarfi, amma ki nemi izininta kafin ki sa, ki kuma rufe sunanta da lambarta.

Tunda cinikinki zai rataya a kan layin nan, ki kunna tabbaci mai mataki biyu, wato ƙarin mabuɗi na biyu da ake nema kafin a shiga asusunki, a WhatsApp da Facebook da Gmail yau ɗin nan. Lambobi shida da suke shigowa ta saƙon waya kada ki karanta wa kowa, ko da ya ce daga kamfanin yake. Na ga yadda ake ƙwace layin mai sana'a a bi kwastomominta ana karɓar kuɗi da sunanta, abin ba daɗin gani.

Tallar kuɗi ki dakata da ita tukuna. Ki buɗe takardar Excel mai layi huɗu: rana, abin da aka saya, kuɗi, da inda mai sayen ta gan ki. Kowace sabuwar kwastoma ki tambaye ta, "A ina kika ga kayanmu?", ki rubuta. Bayan wata biyu takardar za ta nuna miki ko sitatus ne ke kawo mutane, ko Facebook, ko bakin waɗanda suka riga suka saya. Sannan in za ki biya, ki fara da kuɗi kaɗan, kaya ɗaya, hoto ɗaya, ki taƙaita tallar ga yankin da za ki iya kai kaya, kuma ki sa ta a ranakun da kike da sukunin amsa saƙo cikin 'yan mintuna. In kin zo haɗa lissafi a Excel ɗin ya ba ki wuya, ki yi magana in nuna miki yadda ake sa shi ya tara kuɗin da kansa. Allah ya sa albarka a sana'ar.