Amsa ga mai son mayar da rigar aurenta abin tunawa ga 'ya'yanta

Assalamu alaikum, 'yar'uwa. Kin ce rigar da kika sa ranar walimar aurenki ta daɗe a akwati, ta yi miki kaɗan, kuma kina so a ɗinka wa 'ya'yanki mata wani abu daga jikinta amma kina tsoron tela ya ɓata ta. Ɗinki sana'ata ce, irin wannan aiki kuwa ya sha ratsawa ta hannuna, don haka shawarata ita ce kada ki bari almakashi ya taɓa rigar sai an gama sanin abin da za a fitar daga cikinta.

Ki fara shimfiɗa ta da rana ki duba ta ciki da waje. Hammata, wuya da bakin ƙasa su ne suka fi lalacewa, domin gumi da humra da turare mai maiƙo ba sa nuna kansu a ranar biki, sai bayan shekaru su fito da tabo ruwan ɗorawa, wani lokaci ma su cinye ƙarfin zaren. Ki ɗan ja yadin a hankali a waɗannan wurare. Idan kika ji yana neman yagewa, to wannan sashe ya tashi daga aiki. A wanke rigar tun tana ɗinke, da ruwan sanyi da sabulu mai laushi, a shanya a inuwa. Kada a sa mata bilic, domin yana cinye siliki, kuma yakan ƙara wa farin yadin roba rawaya maimakon ya cire.

Sanin irin yadin shi ne ginshiƙin aikin. Yawancin leshi da satin da ake saya a Kantin Kwari don rigunan amare akwai roba a cikinsu, ko da mai shago ya rantse cewa siliki ne. Ki yanko ɗan ƙyalle daga cikin ɗinki inda ba a gani, ki kusantar da shi ga ashana: auduga tana ci kamar takarda ta bar toka, siliki yana warin ƙonannen gashi, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule. Amfanin wannan gwaji biyu ne. Zai nuna miki zafin da yadin zai iya ɗauka wajen guga, sannan zai hana ki asarar kuɗi idan kina tunanin rini, domin baban da ake rini da shi a marinar Ƙofar Mata yana kama auduga da siliki ne, ba ya kama roba yadda ya kamata.

Daga nan sai a warware ɗinkin, zare bayan zare. Aiki ne mai cin rai, shi ya sa teloli da yawa suke gudunsa su yanke kawai, alhali siket ɗin da aka warware yana ba da falle mai faɗi wanda zai isa abubuwa uku ko huɗu. Ki nemi tela mai haƙuri, ki biya shi ladan warwarar daban, kuma ki guji kai aikin ana gab da Sallah. Duwatsun da aka ɗinka da allura ana cire su daga layin da keke zai bi, in ba haka ba allura ta karye. Waɗanda aka manna da gam kuwa a bar su inda suke, saboda idan aka ɓamɓare su tabon gam ɗin ba ya fita.

Game da abin da za a ɗinka, na fi son jakar Alƙur'ani da rigar ƙaramin matashin kai na ado, domin ba a yawan wanke su, yarinya kuma za ta iya tafiya da su ɗakinta. Leshi shi kaɗai ba shi da ƙarfi, sai an yi masa shafi da yadin auduga. Rigar ranar suna da hular jariri suna da kyau a ido, amma leshi yana kartar fatar jariri, dutse kuma yana iya ɓallewa ya shiga baki, saboda haka a yi su daga satin ɗin ciki kawai. Rigar Sallah ta yarinya ba ta burge ni a nan, shekara ɗaya za ta yi mata kaɗan.

Ga sauran 'yan'uwa da rigar mahaifiyarsu da ta rasu take hannunsu, tufafin mamaci suna cikin gado, don haka sai an nemi yardar dukkan magada kafin a yanka.

Idan an gama, a naɗe kowane abu a farin ƙyallen auduga, ba a leda ba, domin leda tana riƙe danshin damina har fumfuna ta kama. Ki rubuta sunanki da shekarar auren da zare a jikin shafin ta ciki, sannan ki adana ragowar yadin da duwatsun wuri ɗaya saboda gyara.