Ƙaton sarkin nan da jikinsa duk mutane ne, me ake nufi da shi?

Tambaya: Salam Malam. Na ga wani tsohon zane a shafin farko na wani littafin Turawa, ƙaton mutum da kambin sarauta ya leƙo daga bayan tuddai, takobi a hannu ɗaya sanda a ɗayan, da na duba da kyau ashe jikinsa duk ƙananan mutane ne cunkus. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Aljani ne aka zana ko alamar tsafi ce?

Amsa: Wa alaikis salam 'yar'uwa, kwantar da hankalinki, siyasa ce zalla. Zanen littafin Leviathan ne na wani masanin falsafa ɗan Ingila mai suna Thomas Hobbes, littafin ya fito a Landan a 1651, wani Bafaranshe Abraham Bosse ne ya zana.

Ki tuna lokacin Ingila na fama da yaƙin basasa tun 1642, har sun fille kan sarkinsu Charles na ɗaya a 1649, shi kuma Hobbes yana gudun hijira a Faransa, to abin da ya tsaya mai a rai shi ne in babu hukuma mai ƙarfi mutane cin junansu za su yi. Shi ya sa aka gina jikin sarkin da talakawa, wato su ne suka haɗu suka miƙa mai ikonsu don ya tsare musu rayuka. Ki koma ki sake kallo, duk sun ba mu baya, shi suke kallo, kuma kan nasa ne shi kaɗai, babu ko mutum ɗaya a ciki. Ni nan ne wurin da ya fi taɓa ni, jama'a sun zama hannu da ƙirji amma tunani da yanke hukunci an bar wa mutum guda, kuma gaskiya ban yarda da Hobbes a nan ba duk da na fahimci tsoron da ya kai shi.

Takobin na hannun dama ikon mulki ne da yaƙi, sandar kuwa irin ta bishop ce, ikon coci kenan, duka biyun a hannunsa. Rubutun Latin ɗin da ke sama daga littafin Ayuba na Baibul aka ɗauko, yana cewa babu wani iko a doron ƙasa da za a kwatanta da nasa.