Tambayi likitan dabbobi: abincin uwa mai shayarwa da rayuwar 'ya'yanta

Assalamu alaikum likita. Jar akuyata ta haifi tagwaye yau kwana goma. Ɗaya ya mutu, ɗayan kuma sai kuka da rama. Kara da karmami nake zuba mata tare da sauran awaki. Ina mafita? Daga wata uwargida a Ringim.

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Yunwa nake zargi, kuma daga uwar ta faro. Ki ɗaga ɗan ki taɓa cikinsa. Idan ya lafe, yana tsayawa a takure, cikin bakinsa da sanyi, to ba ya samun nono. Ki matsa hantsar uwar ki ga abin da zai fito.

Busasshen kara cika ciki kawai yake yi, ba ya kawo nono. Mai shayar da biyu tana buƙatar ninkin abin da sauran ke ci, har da ɗoriya. Ki ba ta harawar gyaɗa ko ta wake ta ci ta ƙoshi, sai dusa kamar giram 300 a rana, rabi da safe rabi da yamma, da ɗan dakakken ƙuli-ƙuli ko angurya da gishiri kaɗan. In akwai gawo kusa da ku, ki sa yara su tsinto mata 'ya'yansa. Ruwa kuwa kada ya yanke a gabanta, domin kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne.

Kuma ki ware ta lokacin ci. Na sha shiga gida in tarar da ragon layya gabansa maƙil da dusa da kowar wake, ga uwar tagwaye a gefe tana lasar kwano, ƙashin bayanta duk a waje. Abin yana min ciwo ƙwarai, don ita ce jarin gidan.

Likita, an ce kada a ciyar da tunkiya mai ciki sosai, wai ɗan zai yi girma ta kasa haihuwa. Haka ne? Daga wani makiyayi a Gumel.

Malam, a ƙauyukanmu rama ta fi ƙiba yi mana ɓarna. Cikin tunkiya wata biyar ne, kusan kwana 150, kuma a makonni shida na ƙarshe ɗan ke yin mafi yawan girmansa, hantsa ma a lokacin take haɗa nono. Wadda aka bari da yunwa sai ta haifi ɗan tsurut, ba ƙarfin miƙewa ya kama nono. Ka riƙa ƙara mata dusa kaɗan-kaɗan. Kada dai ka juye mata hatsi ko ragowar tuwo da yawa lokaci guda, yana kawo kumburin ciki, har ya kashe.

Kakata ta ce a tatse dakashi a zubar, wai yana sa zawo. Daga wata ɗaliba a Ɗambatta.

A'a 'yata, ki lallaɓa Kaka a bar wa ɗan da aka haifa ya sha. Wannan nonon farko mai kauri shi ne rigakafin ɗan. Ya sha cikin awa biyu da haihuwa, domin bayan awa 24 hanjinsa ya daina karɓar kariyar da ke ciki. In ya kasa tsayawa, ki riƙe uwar ki sa masa kan nonon a baki. Cibiyar kuma a tsoma ta a aidin.

Akuyata tana samun harawa da dusa, amma ita da ɗanta ba sa yin kumari. Daga wani manomi a Kazaure.

Malam, ja fatar idonta ta ƙasa ka duba. In ta yi fari fat maimakon ja, tsutsar ciki ce ke shan jininta, musamman da damina. In kuma yawo take a bola, cikin ya yi tauri ga rama, ina tsoron leda ta tara. Ka kai ta asibitin dabbobi na ƙaramar hukuma a duba ta kafin ka sayi magani a kasuwa.