Amsa ga yarona game da riƙe tafiye-tafiyen kamfani

Ka tambaye ni, yarona, ko riƙe tafiye-tafiyen ma'aikatan kamfani ɗaya yake da sayar wa ɗan kasuwa tikitin Dubai, kuma me ya sa nake ɗaukar lokaci a kan takardar yarjejeniya tun ba mu sayar da kujera ko ɗaya ba. Ba ɗaya ba ne. Ɗan kasuwa shi ne matafiyi, shi ne mai kuɗi, shi ne mai yanke shawara, yana zaune gabanka ya ƙirga sefa ya miƙo. A kamfani kuwa mutum uku ne: wanda zai hau jirgi, wanda ya ba da izini, da akawun da zai biya, kuma kowannensu abin da yake so daban.

Saboda haka kafin komai sai a rubuta ƙa'ida, shugaban kamfani ya sa hannu. A faɗi sunan wanda yake da ikon yin oda, a faɗi wanda ya cancanci kujerar manya da wanda zai zauna a ta kowa da kowa, a yanke iyakar kuɗin otal a Duwala, Yawunde da Njamena, a kuma faɗi kwana nawa kafin tafiya ya kamata odar ta iso mana. Idan ma'aikaci ya bugo maka waya da daddare yana cewa darakta ya ce a fitar masa da tikiti, ka kama masa kujera a Amadeus, tsarin kwamfutar da muke kama kujerun jirgi da shi, wannan ba ya cin kuɗi, amma kada ka fitar da tikitin sai takardar izinin tafiya ta zo, ko da hotonta ne ta WhatsApp daga lambar da aka rubuta a yarjejeniya. Ranar da akawu zai ƙi biya, maganar baki ba za ta tsaya maka shaida ba.

Inda sababbin shiga suka fi tuntuɓe shi ne farashi. Kana ganin tikiti mafi araha a kwamfuta sai ka ɗauka ka kyauta wa kamfani, alhali araha ba ta ado. Buɗe sharuɗɗan farashin ka karanta: ana canza rana ko ba a canzawa, nawa ne tarar, ana mayar da kuɗi in tafiya ta fasa, kilo nawa aka yarda. Injiniyan da aka tura gyaran inji bai san ranar da zai gama ba, don haka tikitin da ake iya canzawa ya fi masa sauƙi ko da ya fi tsada a farko, amma mai zuwa taro na kwana biyu da aka tsayar tun wata guda, a saya masa mai arahar. Ka kuma duba sunan harafi bayan harafi da fasfo a hannunka, domin a ƙa'ida ranar da aka fitar da tikiti kawai ake iya soke shi ba tare da asara ba.

Maganar kuɗi ita ce mai karya ofishi irin namu. Tsarin biyan kuɗi na BSP, na ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya wato IATA, yana karɓar kuɗin tikitin da muka sayar a ranakun da ya tsayar, ba ruwansa da ko abokin cinikinka ya biya, kuma in ka gaza sai a rufe maka ikon fitar da tikiti. Kamfani kuwa zai so ya biya bayan kwana 30 ko 60. Wannan tazarar daga aljihunmu take fita, shi ya sa nake yanke wa kowane kamfani iyakar bashi, nake kuma neman ajiya daga sabo komai girman sunansa. A takardar kuɗi ka raba farashin tikiti da ladan aikinmu, ka nuna harajin TVA da ake ɗorawa a kan farashin kaya da ayyuka, wanda a Kamaru kashi 19.25 cikin ɗari ne, a inda ya hau.

Sannan ga yanayin ƙasarmu, wanda kwamfuta ba za ta gaya maka ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo na iya hana jirgi sauka a Garwa ko Marwa-Salak, don haka wanda zai kama jirgin Turai a Duwala ka saukar da shi can kwana ɗaya kafin, ka kuma riƙe wata hanya a zuciyarka: mota zuwa Ngaundere, sannan jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde. Mutumin Kusiri kuwa ya fi masa kusa ya haye gadar Ngeli ya tashi daga filin Hassan Djamous na Njamena. Hanyar Mora zuwa Kusiri ta Waza ba a bin ta da dare, kuma kafin a sa baƙo a kanta sai an tambayi halin tsaro na ranar. In wani abu ya faru, kai kamfani zai fara kira ya tambayi inda mutuminsa yake, kuma dole ka iya amsawa nan take.

Takardu ma aikinka ne. Ƙasashe shida na CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya da Kamaru take ciki, sun amince da shige da fice ba biza tun 2017, amma katin rigakafin shawara yana nan, kuma sefarmu ba ita ake kashewa a Yamai ko Abijan ba duk da darajarsu ɗaya. Bizar Schengen, ta shiga yawancin ƙasashen Turai, tana buƙatar inshorar lafiya ta yuro 30,000. Gobe da safe ka buɗe wa kowane ma'aikacin kamfanin nan fayil, ka rubuta ranar ƙarewar fasfonsa, ka ware waɗanda ya rage musu ƙasa da wata shida ka kawo mini sunayensu.