Hannun roba mai jin taɓawa: gaskiya ne ko haɗin kwamfuta?

Tambaya: Malam, na ga wani bidiyo a waya, an ɗaure wa wani Bature idanu amma yana gane abin da ya riƙe da hannun roba. Gaskiya ne ko haɗin kwamfuta? Bara injin niƙa ya cinye wa ƙanena hannun dama, shi ya sa nake tambaya.

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Ɗan'uwa, abin nan gaskiya ne.

In an yanke hannu, jijiyoyin da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa suna nan da ransu a cikin dungulmin. Tambayi ƙanenka, ƙila ya ce maka har yanzu yana jin ƙaiƙayi a yatsun da babu su. Jijiyoyin nan ake nema a yi tiyata a dasa musu siraran wayoyi. A yatsun robar akwai na'urori masu auna matsi. Da mutum ya riƙe abu, ƙaramar kwamfuta za ta mayar da matsin lantarki mai rauni ta tura wa jijiya, ƙwaƙwalwa kuwa ta ɗauka daga hannunta na asali saƙon ya zo.

A 2013 aka gwada wa Dennis Aabo Sørensen ɗan Denmak a birnin Rum, ya bambance abu mai tauri da mai laushi ido a rufe, bayan wata guda aka cire wayoyin. Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne Igor Spetic na Amurka, wanda shi ma inji ya raba da hannun dama a wurin aiki. A jami'ar Case Western aka sa masu irin hannunsa cire tsinken ceri, wasu ƙananan 'ya'yan itace masu laushi ƙwarai, ba tare da sun latse su ba. Ido a rufe, in an kashe na'urar ji, kashi 43 cikin ɗari suke dacewa; da aka kunna, ya kai 92. Raɗaɗin da Igor yake ji a hannun da babu shi ma ya kusa ɓacewa.

Sai dai har yanzu a matakin gwaji ake, mutane ƙalilan aka yi wa. Duk wanda ya ce a intanet ka turo kuɗi ya aiko maka da shi, damfara ce. Ka kai yaron Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, a duba dungulmin, a auna masa hannun da zai iya aiki da shi yanzu, ya kuma riƙa motsa jikin da za a koya masa don kada naman wurin ya shanye.